Sau Uku Ina Fara Motsa Jiki, Sau Uku Ina Dainawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, shekarata 48. Bara aka auna ni aka ce ina da hawan jini, suga kuma yana bakin ƙofa. Aka ɗora ni a kan magani, aka ce lallai in riƙa motsa jiki. Na sayi kambas, na fara zuwa Murtala Square ina gudu da sassafe. Kwana tara na yi na daina. Bayan ƙaramar Sallah na sake farawa, na yi mako biyu. Karo na uku a wajen jana'izar abokin aikina da ya yanke jiki ya faɗi a ofis na ɗauki alwashi, amma ko wata ban rufa ba. Abin da ke ɗaure min kai, akwai dattawan da nake tararwa a filin, wasu sun haife ni, an ce shekara da shekaru ba sa fashi. Me suke da shi da ni ba ni da shi? Ko dai ni malalaci ne kawai?
Wani mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan abokin aikinka, kai kuma Ya ba ka lafiya.

Malalaci ba ya ɗaura kambas da asuba har karo uku, saboda haka ajiye wannan zargin. Amma sake karanta wasiƙarka ka ga abin da ya fitar da kai kowane karo. Na farko takardar asibiti, na uku jana'iza. Na biyun ba ka faɗa ba, sai dai ina zargin ɗinkin Sallah ne ya matse ka a ciki. Duka dai tsoro ne ko kunya, su kuwa wutar kara ne, ta tashi bal-bal, kafin ka ɗora tukunya ta zama toka. Sama da shekara 20 ina aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti. Na ga mutanen da suka tashi daga shanyewar ɓarin jiki suna rantsuwa har da hawaye ba za su ƙara wasa da atisaye ba. Da hannu ya fara riƙe cokali, ƙafa ta fara kai su masallaci, sai ka neme su ka rasa. Idan wanda ya ɗanɗana abin a jikinsa tsoronsa yana hucewa cikin wata uku, ina ga kai da gani kawai ka yi?

Hawan jini ba ya ciwo, a nan gizo ke saƙa. Ka yi gudu yau, ladan shi ne wata cuta da ba za ta same ka ba nan da shekara 10, ba za ka taɓa ganinta ba balle ka san ka tsallake ta. Sanyin asuba kuwa da tsamin cinya yau ake biyansu, lakadan. Jikin ɗan Adam ɗan kasuwa ne, ba ya son ya yi ta zuba jari a cinikin da aka ce ribarsa sai jikoki sun girma.

Ni ma mai wannan dogon bayani na faɗa ramin. Shekarar da na sayi mota na yi sallama da tafiyar ƙasa. In je asibiti a zaune, in wuni ina cewa marasa lafiya su ɗaga ƙafa su sauke, in dawo a zaune, in ci tuwo in kishingiɗa. Teɓa ta fito, abokai suna ta tsokana, wai Likita an samu wuri. Ran nan ɗan yayata ya zo hutu daga Damagaram, ya ce yana so ya hau Dala ya ga birnin Kano daga sama. Sau biyu ina tsayawa a kan matakalar nan ina nuna masa Goron Dutse da yatsa kamar abin ya dame ni, alhali numfashi nake nema. Yaron bai ce komai ba, sai ya miƙo hannu ya karɓi gorar ruwan da nake riƙe da ita. Wannan karɓar gorar ta fi min zagi ciwo. Washegari na fara sassarfa a Filin Sukuwa. Kwana 12 na yi. Ka ga ni da kai ba mu da nisa.

Wanda ya fitar da ni daga baya bai ma san ya yi ba. Wani dattijo ne a layinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Wata asuba muna fitowa daga masallaci ya ce, "Likita, ɗan taka min zuwa wajen mai ƙosai mana." Akwai mai ƙosai a bakin layinmu, amma shi na wata tsohuwa can gaba da kasuwar unguwa yake ci, wai ita ba ta yi wa wake algus. Minti 20 zuwa, minti 20 dawowa. Hanya duk labarin jirgin Nguru ne, da lodin gyaɗa, da fasinjojin da ke shiga da awakinsu. Washegari ya sake cewa in taka masa. Rana ta biyar na makara, na yi salla a gida na koma gado. Sai ga jikansa yana buga ƙofa: "Wai in ji Baba, ko lafiya?" Tun ranar ban ƙara yarda an aiko min yaro ba. Bai taɓa furta kalmar motsa jiki ba, ni kuma da jallabiyar da na je masallaci nake tafiyar. Shekara 11 ke nan. Yanzu yana dogara sanda, minti 20 ɗin ya koma 30, kuma ni ne mai buga masa ƙofa.

To ka koma Murtala Square, amma wannan karon ka bar kallon ƙafafun dattawan nan, ka matsa kusa ka saurari bakinsu. Za ka ji zancen fansho, da siyasa, da tsokanar wanda bai zo jiya ba. Kowannensu ya san idan ya yi fashi akwai mai tambayar ko lafiya. Kai kuwa da ka daina zuwa, wa ya neme ka?

Masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Rochester ta Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, tun shekarun 1970 suke bin diddigin abin da ke sa mutum ya ɗore a kan aiki ba tare da an tsaya a kansa da bulala ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne mutum yana buƙatar ya ji shi ya zaɓi abin, ya ji yana iyawa kuma yana ƙara gwanancewa, ya kuma ji yana tare da mutane. Auna kanka da wannan. Likita ne ya zaɓa maka, ka fara da gudun da ya fi ƙarfinka, kai kaɗai kake zagaya fili. Ko ɗaya ba ka samu ba. A Landan, a 2004, wani ɗan tsere mai suna Paul Sinton-Hewitt ya ji rauni ya kasa gudu, amma ba ya son rabuwa da abokansa. Sai ya ce su haɗu ranar Asabar da safe a wani lambu, Bushy Park, su yi kilomita 5, shi ya riƙe musu agogo, in an gama a tafi shan kofi. Mutum 13 suka yi gudun farko. Yau abin, da ake kira parkrun, ya bazu ƙasashe sama da 20, kuma kyauta ne. Su kofi, mu ƙosai.

Gudun nan ma wa ya aike ka? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Matsakaici shi ne tafiyar wanda ya makara zuwa ɗaurin aure: yana iya hira, amma ba zai iya jan ƙira'a ba. Minti 30 sau biyar a mako ya cika maka mudu. A da ana cewa sai an yi aƙalla minti 10 a jere ake lissafawa, amma an cire wannan sharaɗin, yanzu ko minti 5 ne yana shiga asusu.

Akwai wani tsohon bincike da nake so. A 1953 wani likita, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas mai bene na Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa bene yana saukowa, ɗaruruwan matakai a rana, yana karɓar kuɗin mota. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Kwandastan nan bai ɗauki alwashi a wajen jana'izar kowa ba, abincinsa ne a saman bene. Haka iyayenmu suke, gona ce da kasuwa da zumunci suke sa su tafiya, kafin acaɓa da adaidaita sahu su zo su ɗauke mana ƙafafu. Kai ma ka ƙulla tafiyar da abin da dole za ka yi. Ajiye motarka nesa da ƙofar sakatariya. Idan fayil zai je ofishin sama, bar masinja ya huta. Juma'a kuwa, in masallacin bai wuce tafiyar minti 20 ba, bar motar a gida. Lokacin da mutanen ƙabilar Banu Salima ta Madina suka so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW), ce musu ya yi su zauna a gidajensu, ana rubuta musu sawunsu. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim.

Sannan ka ba jikin nan lakadan ɗinsa. Lura da barcinka a daren da ka yi tafiya da daren da ba ka yi ba. Sami ɗan littafi ka riƙa rubuta awon jininka duk mako, domin motsa jiki a kai a kai yakan sauke lambar saman awon da kamar 5 zuwa 8 ga mai hawan jini, kuma ganin lambar tana sauka da rubutun hannunka ya fi wa'azina tasiri. Bayan tuwon dare ka taka minti 10 ko 15 kafin ka zauna, saboda tsoka in tana aiki tana zuƙe suga daga jini. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da suga ke bakin ƙofarsu kamar kai, ya nuna waɗanda aka sa su motsa jiki minti 150 a mako su kuma rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin ragin kashi 31 suka samu.

Za ka yi fashi, wannan ba makawa. Ruwan sama, ƙurar hunturu, baƙi, mura. Abin da ke kashe mutane shi ne su ɗauki fashin kwana biyu a matsayin rushewar gini. Wata mai bincike, Phillippa Lally, da abokan aikinta a Landan sun bi mutanen da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga tana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata komai ba. Kai kwana 9 ka yi, da 14, da ƙasa da 30. Siminti bai bushe ba kake cire katako. A 2021 kuma wata mai binciken, Katy Milkman, da tawagarta suka gwada dabaru sama da 50 a kan mutum fiye da 60,000 masu zuwa gidan motsa jiki a Amurka. Dabarar da ta zo ta ɗaya ita ce ba mutum ɗan tukwici, wanda bai kai kuɗin ƙosai ba, idan ya dawo bayan ya yi fashi. Jikan maƙwabcina da ya buga min ƙofa aikin da ya yi ke nan.

Maganinka kada ka ajiye shi don ka fara tafiya, likitanka ne zai rage in lokaci ya yi. Idan kana tafe ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, tsaya ka nufi asibiti a ranar. Gobe in ka je filin, yi wa dattawan nan sallama ka ce za ka bi sahu, ka kuma ba ɗayansu lambar wayarka.

TAMBAYA: Likita, ni matar aure ce, shekarata 39, 'ya'yana biyar. Tun haihuwar auta jikina ya buɗe. Na yi wata biyu ina tsallen igiya da bin bidiyon atisaye a waya a cikin ɗaki, na hau sikeli na ga ko kilo biyu ban rage ba, na watsar. Na so in riƙa fita tattaki, maigida ya ce ba girman matar aure ba ne a gan ta tana zagaya unguwa, kuma ai aikin gida ma motsa jiki ne. Yaya zan yi?
Wata 'yar'uwa daga Gusau

AMSA: Ƙanwata, sikelin nan ya kori mata daga motsa jiki fiye da yadda mazaje suka hana su. Tafiyar minti 30 abin da take ƙonawa bai wuce abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya ba, shi ya sa rage ƙiba galibi daga kwano yake farawa. Amma a wata biyun nan zuciyarki ta amfana, sugan jininki ya amfana, barcinki ma wataƙila, sikeli kuwa ba ya auna ko ɗaya daga ciki. Kin kori ma'aikaci mai ƙwazo saboda bai yi aikin da ba nasa ba.

Maigida yana da rabin gaskiya. Zamanin da aikin gida yake nufin surfe da daka da niƙa a dutse da jan guga a rijiya, babu macen da ke buƙatar bidiyo. Idan yanzu inji ke niƙa miki, famfo ke kawo ruwa, yara ke shara, to lissafin ya sauya. Ba ke kaɗai ba ce: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, kusan mutum biliyan 1.8, ba sa samun motsin da ya kamata, mata kashi 34, maza 29.

Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa a wata tafiya Annabi (SAW) ya yi tsere da ita ta wuce shi. Daga baya, bayan ta yi jiki, suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Abu Dawud ya ruwaito, a ruwayar Imam Ahmad kuma sai da ya ce sahabbai su yi gaba tukuna. Kin ga an kiyaye sutura, an kuma yi tseren. Kada ki kai wa maigida wannan don ki kayar da shi a muhawara, za ki ci gardama ki rasa tattaki. Ki ce ya raka ki bayan Isha'i. Ina kyautata zaton shi ma teɓar tana nan.

Matan da na ga sun ɗore, kusan duk wani abu ne na kusa da zuciya ya riƙe su. Wata Hajiya mai shekara 63 ta zo mana da ciwon gwiwa, shekara biyu tana salla a kan kujera. 'Ya'yanta suka biya mata kujerar Makka, babban ya ce kada ta damu, akwai masu tura keke. Ta harare shi ta ce ita ba za ta je ɗakin Allah a tura ta kamar buhun gero ba. Na gaya mata tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar zuwa wajen jifa. Ba ta ce uffan ba. Ta koma gida ta auna tsakar gidanta, daga bakin rijiya zuwa zaure taku 25. Ta riƙa zuwa tana dawowa da carbi a hannu, kowane zagaye ta ja ƙwaya ɗaya, jikoki na biye da ita suna dariya. Bayan kowace salla ta tashi daga kujera ta zauna sau 10 ba tare da dafa komai ba, kamar yadda muka koya mata. Wata shida tana yi. Da ta dawo ta kawo min dabino da zamzam, na tambaye ta ko yanzu za ta huta. Ta ce, "Ɗan nan, goshina ya koma ƙasa, ka ce in sake komawa kujera?" Ba kowace gwiwa ke kai wa nan ba, wata sai an yi aiki, kuma salla a zaune ga mai lalura babu laifi. Amma sikeli ko sau ɗaya Hajiyar nan ba ta hau ba.

Ke ma nemo naki dalilin, ko ciwon bayan da ke tashinki da dare, ko goyon auta ba tare da haki ba. Idan kina zuwa Islamiyya, ki haɗa kai da maƙwabciya ku bar adaidaita sahu ku taka. Mace cikin hijabi da jakar littattafai babu mai cewa tattaki take yi.

TAMBAYA: Likita, wayata tana ƙirga min taku, wai sai na yi 10,000 a rana. Ni a shago nake wuni a Kantin Kwari, da ƙyar nake kai 4,000. Akwai amfani kuwa?
Wani ɗan kasuwa daga Kano

AMSA: Alhaji, 10,000 ɗin nan ɗan kasuwa irinka ne ya ƙirƙiro shi. A 1965 wani kamfani a Japan, Yamasa, ya fito da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Talla ce ta kama. A 2019 I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bi tsofaffin mata sama da 16,000, ta ga masu taku 4,400 a rana mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsu fiye da masu 2,700, amfanin kuma yana ƙaruwa har wajen 7,500. Ga wanda bai kai shekara 60 ba, binciken da ya biyo baya ya nuna ribar tana ci gaba zuwa 8,000 ko 10,000. Saboda haka 4,000 ɗinka ba asara ba ce, uwar kuɗi ce. Ƙara 1,000 a wannan watan, tafiyar kamar minti 10 ce. Ka daina aiken yaron shago sito da wajen mai abinci, ka je da kanka, shi ya tsare maka shagon.